Yadda Ake Tare Baƙon Sauro Tun Daga Bakin Randa: Jagora ga Magidantan Kebbi

A Kebbi lissafinmu game da zazzaɓin cizon sauro guda ne tun kaka da kakanni. Ruwa ya sauka, fadamun Gulbin Kebbi da na Kwara su cika, sauro ya taso, yara su yi ta kwanciya daga Yuli zuwa Oktoba, hunturu ya shigo a ɗan sarara. Ko a kan wannan lissafin ma muna ɗauke da kaya mai nauyi, domin binciken ƙasa na shekarar 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar suna ɗauke da ƙwayar maleriya a jininsu, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne. A wancan binciken babu jihar da ta kai mu.

To, akwai wani sauro da bai san da wannan lissafi ba. Masana suna kiran sa anofilis sitifensi. Asalinsa Indiya da Pakistan da Iran da yankin Larabawa. A 2012 aka fara ganin sa a Afirka, a Jibuti, ƙasar da a shekarar mutum 27 kacal aka samu da maleriya, har ana shirin bikin rabuwa da cutar. Zuwa 2020 adadin ya haura 73,000. Daga can ya ɓulla a Habasha da Sudan a 2016, Somaliya a 2019, sannan a 2020 aka kama shi a jihar Gombe. Kenya da Gana sun biyo baya. Abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga murya a kansa tun 2019 shi ne halinsa: ba ruwansa da fadama ko damina. Tanki yake so, da duro, da ramin ruwa na siminti, da tsohuwar taya. Shi ya sa a garin Dire Dawa na Habasha annobar maleriya ta ɓarke a 2022 a tsakiyar rani. Kuma yana jure wa yawancin magungunan feshi da aka saba kashe sauro da su.

Ba shi kaɗai ba ne baƙo. Akwai wani ɗan Asiya, baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, daga dangin edis, wanda aka fara gani a Najeriya a jihar Delta a 1991, wanda kuma cinikin tsofaffin tayoyi ya yaɗa shi a duniya. Shi da ɗan'uwansa na nan gida su ne masu yaɗa zazzaɓin denge, ɗan gidan kuma shi ne babban mai kawo zazzaɓin shawara cikin gari. A Nuwamban 2023 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar da ɓullar denge a Sakkwato, maƙwabciyarmu ta bango da bango. Waɗannan edis biyu su ma a cikin mazubin ruwa suke haihuwa.

Jiha irin tamu, mai hanyar Kamba da Lolo, mai manyan motoci da ke wucewa ta Jega da Koko da Yauri dare da rana, ba ta da dalilin jiran sai an yi shelar isowar baƙo kafin ta gyara mazubanta. Ga yadda ake yi.

Da farko, tsayar da rana ɗaya a mako

Duk dabarar tana kan wannan. A yanayin zafi irin namu, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne. Wanda ke duba mazubansa duk mako yana riga tsutsa fiffike. Wanda ke yi sau ɗaya a wata kuwa ya yaye zuri'a uku kafin ya waiwayo. Ka zaɓi ranar da ba ta ci karo da kasuwarku ba, ka ɗora aikin a kan mutum guda da za a tambaya, ko da babban yaron gida ne. Aikin da aka bar wa kowa da kowa shi ne ake tarar ba a yi ba.

Kayan aiki ba su da yawa: farin kwano ko farar roba, moɗa, tocila, soso ko burushi, tsumma mai tsabta na tacewa, da kwalba mai murfi.

Na biyu, koyi karanta tsutsa

Nan ya kamata a daɗe, domin mafi yawanmu mun sha ganin 'yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil a gindin randa ba mu san 'ya'yan sauro ba ne. Wasu ma cewa suke ruwa ne ya tsufa ya haife su.

Ka tunkari mazubin a hankali, kada inuwarka ta faɗa kan ruwan, domin da sun ga inuwa ko sun ji motsi sai su nutse ƙasa. In sun nutse, dakata minti biyu ko uku, dole su dawo sama shan iska. Sai ka shafto saman ruwan da moɗa ta gefen bango, ka juye a farin kwano, ka kai wajen haske. In tanki ne mai zurfi, haska tocila ta bakin murfi ka duba gefe-gefe.

Yanzu lura da kwanciyarsu. Tsutsar da ta rataye kanta ƙasa, jelarta na taɓa saman ruwa, ta edis ce ko ta sauron kwata mai kukan dame mutane da dare. Wadda kuwa ta kwanta a miƙe daidai da fuskar ruwa, ta anofilis ce, dangin masu kawo maleriya. Akwai kuma wata mai babban kai, a lanƙwashe, mai tsalle-tsalle in an taɓa ruwan: wannan ta gama girma, kwana ɗaya ko biyu ya rage ta fashe ta tashi. In ka gan ta, kada aikin ya kwana.

Dalilin wannan bambancewa shi ne, anofilis ɗinmu na gida ya fi son kududdufi da sawun shanu da fadamar shinkafa inda rana ke duka. Idan ka tarar da tsutsa mai kwanciya a miƙe a cikin tanki ko duro ko ramin siminti a tsakiyar gari, musamman da rani, wannan abin kai rahoto ne. Ido ba ya tabbatar da cewa baƙon nan sitifensi ne, sai an kai ɗakin gwaji, amma rahoton daga gare ka zai fara. Zan zo kan yadda ake kaiwa.

Na uku, randa da duro da jarka

Na san abin da uwargida za ta ce: ruwan da aka saya wurin 'yan ga-ruwa da kuɗi, a watan Afrilu, wa zai zubar? Ba a ce ki zubar ba. Ki ɗaura tsumma a bakin wani mazubi mai tsabta, ki tace ruwan a ciki, tsutsar za ta tsaya a tsumma. Shan ruwan da tsutsa ta zauna ba ya sa maleriya, cizo ne ke sawa, amma ya fi kyau wannan ruwan ya tafi wanki da wanke-wanke. Ragowar gindin randa da abin da tsumma ya tare a watsa su a busasshiyar ƙasa inda rana ke bugawa. Kada a juye a kwata ko lambatu, domin can ma za su ƙarasa girmansu lafiya lau.

Sannan a goge cikin mazubin da soso, a dirje sosai, musamman daidai layin da ruwa yake tsayawa. Wannan matakin ne ake yawan tsallakewa. Edis ba ta zuba ƙwanta a kan ruwa, manna shi take yi a jikin bango ɗan sama da ruwan, kuma ƙwan yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba. Ranar da aka sake cika duron, ranar zai ƙyanƙyashe. Ɗauraya kawai ba ta cire shi.

Sai murfi. Faifai da tsohon tire da guntun kwano suna hana ƙura da ƙadangare, amma sauro yana bi ta ƙofar da ba ta kai ƙwayar gero biyu ba. Abin da ke aiki shi ne yadi mai kauri ko raga mai ƙananan idanu, a shimfiɗa a bakin randar, a ɗaure da robar tsohon tub na mashin, sannan a ɗora faifan a sama. Ga duro, a bar ɗan sako-sako a tsakiyar yadin amma kada ya taɓa ruwa, don in ya jiƙe ya tara ruwa a sama, an buɗe wa sauro sabon wuri. Jarkoki kuma, wadda babu ruwa a kife ta, wadda ke da ruwa a murɗa mata murfi. In murfin ya ɓata, leda da roba sun wadatar.

Randar da aka binne rabinta a ƙasa don sanyi ita ce mai wuya, tunda ba ta karkatuwa. A kwashe ta da moɗa har ƙasa, a tsane ragowar da tsumma, a goge.

Na huɗu, tankin sama da ramin ruwa

Tankin roba da ke kan ƙarfe, mutane da yawa rabonsu da leƙa shi tun ranar da mai gyaran famfo ya ɗora. Ka hau, ko ka sa a hau. Abu uku za a duba: murfin yana nan kuma yana rufuwa ruf, ko iska ta yar da shi; bututun da ruwa ke fita in tanki ya cika; da bututun shan iska. Bakin waɗannan bututai biyu a ɗaure musu ragar waya ko ta roba. Ƙasan tankin ma a duba, inda yake ɗiga ya tara ɗan tabki.

Ramin ruwa na siminti da ake ginawa a ƙasa, wanda tanka ke cikawa, yana cikin gidajen da baƙon sauron nan sitifensi ya fi so. Ba ya kwasuwa duk mako, don haka hanyoyi uku ne. Mafi inganci a yi masa murfin siminti ko na ƙarfe mai ƙofa, a toshe duk tsaga. In hakan bai samu ba, a zuba 'yan ƙananan kifaye masu cin tsutsa. Mu da muke da Argungu da Yauri, samun 'ya'yan karfasa ba abin wahala ba ne, kaɗan sun isa rami guda, sai dai a kula kada ramin ya ƙafe ko a zuba masa sinadarin tsabtace ruwa mai yawa su mutu. Hanya ta uku ita ce maganin kashe tsutsa da aka amince a sa a ruwan amfani, irin su temefos da Bti. Wannan a bar wa duba-gari ko ma'aikacin lafiya ya auna gwargwadon girman ramin. Kada kowa ya yi gaban kansa da maganin feshin gona, ko kananzir, ko baƙin mai. Na gona guba ne ga mutum da dabba, baƙin mai kuma yana bin ƙasa ya lalata rijiyar maƙwabta.

Na biyar, zagaya gida da idon neman ruwa

Wannan ba ya cin minti goma in an saba. Tsohuwar taya, gwangwanin madara da na tumatir, fasasshen tulu, kaskon ruwan kaji da na tantabaru, butar da aka daina amfani da ita, ledar fiyawata, tiren da ke bayan firji, bokitin da ake tarar ruwan na'urar sanyaya ɗaki, indararon da ganye ya toshe, da saman soron da ruwa ke kwanciya. Abin kifewa a kife, abin zubarwa a zubar. Taya ba ta zubar da ruwanta duk yadda aka juya ta, don haka ko a huda ta wurare da yawa, ko a cika ta da yashi, ko a shigar da ita ƙarƙashin rumfa. Murfin sokawe in ya tsage a liƙe, bututunsa a sa masa raga.

Na shida, turke

Baƙon sauron nan sitifensi yana son jinin dabba sosai, kuma a Habasha a rumfunan awaki da shanu aka fi kama shi yana hutawa. Gidajenmu kuwa kusan kowanne da ragon kiwo ko akuya a tsakar gida, wani lokaci turken yana jingine da tagar ɗakin yara. In akwai fili, a matsar da turke nesa da ɗakin kwana. Komin shan ruwan dabbobi, ko rabin duro ne ko na siminti, a zubar a goge duk mako kamar randa. A share tarkacen buhuna da karan da aka jibge a lungun rumfar, nan ne maɓoyarsa da rana.

Na bakwai, kare jiki

Gidan sauro mai magani har yanzu shi ne babban garkuwa, ko da sauron ya fara jure magani, domin ragar kanta shamaki ce. Sabo a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a ɗaura. A wanke da sabulu mai sauƙi, ba da garin omo ko bilic ba, a shanya a inuwa. In ya yage a ɗinke. Abin da ya kamata ya canza shi ne al'adar naɗe shi da zarar damina ta wuce. Da bazara, lokacin da kowa ya fito tsakar gida ko ya hau soro saboda zafi, a fito da shi a kafa sanduna huɗu. Kuma a daina kai shi lambu ana kare yabanya da shi, ko rafi ana kamun kifi.

Edis da rana take cizo, da hantsi da kuma la'asar sakaliya, saboda haka jaririn da aka kwantar barcin rana shi ma a sa shi cikin raga. Masu hira a dandali bayan magariba, da masu gadi, da masu kwana a fadama wajen injin ban-ruwa, su sa riga mai dogon hannu, su shafa man korar sauro in da hali. Tagogi a sa musu raga.

Fiya-fiya da ake sayarwa a kwalabe babu suna babu awo, ina ganin cutarwarsa ga ƙirjin yara da masu asma ta fi amfaninsa, balle a ɗakin da aka rufe aka kwana ciki.

Na takwas, idan zazzaɓi ya zo

Kada a ce ai yanzu rani ne, ba lokacin maleriya ba. Duk zazzaɓi a kai asibiti mafi kusa a yi gwajin jini cikin kwana guda. Gwajin yatsa minti 15 zuwa 20 yake ɗauka. In ya nuna maleriya, a sha maganin da aka rubuta har ƙarshe. Mai haɗin atimita da lumefantirin sau shida ake sha cikin kwana uku, kuma ya fi shiga jiki in an haɗa da abinci mai ɗan maiƙo ko nono. Jin sauƙi a rana ta biyu ba dalilin ajiye ragowar don wani yaron ba ne.

In gwaji bai nuna maleriya ba, ga zazzaɓi mai zafi, ga ciwon bayan ido da ciwon gaɓoɓi kamar ana sassara ƙashi, a tuna wa ma'aikacin lafiya batun denge. A nan farasitamol kawai ake sha da ruwa mai yawa. Asfirin da ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ake saya a kemis don ciwon jiki, suna iya jawo zubar jini ga mai denge. Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da zazzaɓin ya fara sauka: in aka ga ciwon ciki mai tsanani, amai ba tsayawa, ko jini a dasashi ko hanci, a nufi babban asibiti nan take. Haka yaron da ya yi jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake amayar da komai, ko barci ya danne shi ba ya farkawa da kyau, ko idonsa ya yi ɗorawa. Wannan ba na jiƙe-jiƙe ba ne.

A Kebbi da Bayelsa ne aka fara ba yara allurar rigakafin maleriya ta R21 a Disamban 2024. Sau huɗu ce: a wata 5, wata 6, wata 7, sai ta ƙarshe a wata 15, wadda iyaye suka fi mantawa. Ta shawara ana yi a wata 9, kuma guda ɗaya ta isa har abada. Mai juna biyu ta je awo a ba ta maganin kariya daga wata na huɗu. Maganin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 a karɓa duk zagaye, amma a tuna na watannin damina ne kawai. Sauron da ke haihuwa a tanki cikin Maris ya faɗo bayan an rufe rabon.

Na tara, fita waje

Sauro ba ya tsayawa a katanga. In gidanka tsaf, amma bayan gidan akwai gidan bulo mai buɗaɗɗen ramin ruwa, ko ginin da aka dakatar aka bar durorinsa cike, ko mai faci da tulin tayoyi da bahon gwada tub, to rabin aiki ka yi. A sababbin unguwannin Birnin Kebbi da Kalgo, inda gini ke tashi ko'ina, irin waɗannan ramuka sun fi randunan unguwa duka yawan ruwa. Haka tankunan alwala na masallatai, da na makarantun allo da na kwana, da wuraren wankin mota, da kwale-kwalen da aka ɗaure a bakin gulbi ruwa ya kwanta cikinsa.

Maganar tana son ladabi, tunda sana'ar mutum za ka taɓa. Kada ka tafi kai kaɗai da faɗa. Ka ɗebi tsutsar a farin kwano ka fara nuna wa mai unguwa: “Ranka ya daɗe, ga abin da na samo a ramin bayan masallaci, 'ya'yan sauro ne, nan da kwana uku za su tashi.” In ya gani da idonsa, shi zai kira mai wurin. Shi kuma mai gidan bulo ba a ce masa ya daina tara ruwa, sai dai: “Alhaji, ko a sa masa murfi, ko a zuba kifi, ko a bari ya ƙafe ƙaf rana ɗaya a mako kafin tanka ta sake cikawa.” Liman ya faɗa bayan sallah, ladan ko wani matashi ya ɗauki nauyin tankin alwala. Direbobin manyan motoci da masu fataucin tayoyi da durori kuwa, abin da ake roƙonsu kaɗan ne: su zubar da ruwan da ke cikin kaya kafin lodi, su rufe da tamfol, domin ta irin wannan hanya ƙwai da tsutsa suke tsallaka jihohi.

Sai batun rahoto. Idan ka sami tsutsa mai kwanciya a miƙe a tanki, duro, taya ko ramin siminti, ɗebi kamar goma tare da ruwan wurin ka zuba a kwalba mai tsabta, ka bar sarari a sama don iska, ka rufe. Manna takarda ka rubuta kwanan wata, sunan unguwa, irin mazubin, da ko yana rana ko inuwa. Kada ka bar kwalbar a rana ko cikin but ɗin mashin, za su mutu su ruɓe. Ka kai a ranar ga duba-gari ko jami'in kula da maleriya a sashen lafiya na ƙaramar hukumarku, kowace daga cikin ƙananan hukumomi 21 na jihar tana da shi, ka kuma karɓi lambar wanda ya amsa don ka bi sawu. Ragowar tsutsar da ke mazubin kada ka bar su jiran sakamako, ka tace ka watsar a rana kafin ka fita.